Bayis mai ƙwallo, zoben tagulla da robar ruwan zafi: wanne ya fi riƙe sulalla a wurin zane?

Tambayar da 'yan'uwana maƙeran farfaru suka fi yi mini, in sun ga tsohon kwabo ko dalar azurfa da na zana wa dagi, ita ce da me na riƙe shi har layin ya fito sumul haka. Ba su cika tambayar kurfi, wato ƙarfe mai kaifi da ake zanen da shi, ba, don kowa yana da nasa, kowa kuma ya iya wasa shi. Riƙon ne ke ba mu wahala. Sulalla abu ne ƙarami, zagayayye, mai santsi, kaurinsa bai kai milimita uku ba, ga shi kana so ka tura masa ƙarfe mai kaifi da ƙarfin kafaɗarka, shi kuma kada ya yi ko gezau. Kaya uku na saya da kuɗina saboda wannan aiki: bayis, wato abin matse ƙarfe, mai ƙwallo, da jerin zobban tagulla da aka yi musamman don riƙe tsabar kuɗi, da wata farar roba mai laushi a ruwan zafi. Ƙwallon ya ci kuɗinsa har da ƙari. Zobban rabi da rabi ne. Robar ita ce mafi arha a cikinsu, kuma ita na fi dogara da ita yau, in ban da tsakiyar bazara.

Abin riƙo ya danganta da abin da za a riƙe, don haka bari in faɗi irin kuɗin da ke zuwa hannuna. Mafi yawa kuɗin zamanin Turawa ne da ake tsinta a ƙasan adakar kakanni: kwabo mai huji mai tauraro, wanda aka fara bugawa a 1907, da sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja, da taro mai kusurwa goma sha biyu na 1959. Sai babbarsu, dalar Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya, wadda iyayenmu suka yi ciniki da ita tun kafin Turawa su zo, mata kuma suka rataya ta a wuya. Nauyinta giram 28, azurfar cikinta kashi 833 cikin dubu, faɗinta wajen milimita 40, kuma duk wadda ka gani 1780 ne a jikinta, ko da kuwa jiya aka buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya. Masu kawo mini aiki yawanci abu ɗaya suke so: a goge fuskar sarki ko ta sarauniya, a sa sunan amarya da ajami ko da boko, a kewaye shi da dagi ko ganye, ɗaya gefen kuma a bar shi yadda yake. Wannan gefen da za a bari, da bakin kuɗin, su ne amanar da ke hannun abin riƙo. In ka gama zane mai kyau ka cire kuɗin ka tarar da tabo huɗu a bakinsa, mai kaya tabon zai fara gani.

Na fara da ƙwallon, tunda shi ne uban tafiyar. Dunƙulen ƙarfe ne mai kama da ƙwallo da aka raba biyu. Rabin ƙasa yana zaune a cikin wani zobe na roba ko na fata, kana iya karkata shi duk inda kake so. Rabin sama yana juyawa a kan boris, kuma a kansa muƙamuƙai biyu suke. Kusa ɗaya ce mai zare ke jan su, rabinta zaren dama, rabinta zaren hagu, shi ya sa in ka murɗa makulli duka biyun suke tahowa tsakiya a tare. A saman muƙamuƙan akwai faranti biyu masu ramuka da ake kafa 'yan turaku a ciki. Wanda ya yi suna a duniya shi ne na kamfanin GRS da ke garin Emporia a jihar Kansas ta Amurka, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramar maƙera irin tawa. Nawa ɗan Sin ne marar suna a jiki, faɗinsa inci biyar, nauyinsa ya haura kilo takwas, ta hannun wani mai shigo da kayan aikin zinariya na same shi.

Wanda bai taɓa zane da shi ba zai ce ai bayis bayis ne, na bakanike ma yana matse ƙarfe. Bambancin yana wurin juyawa. A zanen kurfi, in za ka yi lanƙwasa, hannun dama kusan a wuri ɗaya yake, hannun hagu ne ke juyo da aikin yana kawo shi bakin kurfi, kamar yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allurar keke ita kuma allurar tana nan inda take. Dagi kuwa lanƙwasa ne tun daga farko har ƙarshe, haka wutsiyar haruffan ajami, nun da ya da sin. In aikin a kafe yake, sai dai ka riƙa murɗa wuyan hannunka, kana tsayawa kana sake zama, kuma duk inda ka tsaya sai layin ya nuna gaɓa. Da ƙwallon, layi ɗaya yana tashi daga bakin kuɗi ya zagayo ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ban ɗaga kurfi ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayensa, kuma ban san wata dabara ta gida da ke ba da irin wannan juyin mai santsi da nauyi a lokaci guda ba.

Nauyin ma ba ado ba ne. Na riƙe ƙaramin irinsa a shagon wani abokin sana'a, mai inci uku, wanda bai kai kilo biyu ba. Don ɗora dutse a zobe yana da kyau ƙwarai. Amma da ka sa masa kwabon Turawa ka tura kurfi, sai ƙwallon ya bi hannunka ya karkace, domin kwabon nan na kafin 1952 haɗin jan ƙarfe da nikel ne, ya fi azurfa tauri nesa ba kusa ba. In kuma da 'yar guduma kake bin kurfin, yadda yawancinmu muke yi tunda injin zane mai iska yana son wutar da ba kullum ake samu ba, to ƙaramin rawa zai yi ta yi a kan tebur. Babban yana shanye dukan. Kana jin bambancin a kunne: a kan mai nauyi sautin gajere ne, a kan marar nauyi akwai wata ƙara da ke biyo baya, ita ce ƙarfin dukanka da ke tafiya a banza.

Nawa bai zo a shirye ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka. Giris ɗin da aka cusa wa boris ɗin mai kauri ne, yana sa juyin ya riƙa cijewa, sai da na warware shi na wanke da kananzir na sa man keken ɗinki. Bakin muƙamuƙan yana da ƙaiƙayin ƙarfe da ba a goge ba, na bi shi da magagari. Zoben robar da ya zo da shi santsi gare shi, ga shi ƙurar hunturu tana ƙara masa santsi, ƙwallon ya riƙa sulalewa a hankali ina cikin aiki. Na kai wa wani baduku ya ɗinka mini gammon fata ya cika shi da yashi mai laushi, tun daga nan ƙwallon yake zama daram a duk kusurwar da na ajiye shi. Wannan gammon ina ba kowa shawarar ya yi shi, ko da mai tsadar ya saya. Akwai kuma wata ƙaramar kusa a gefe da ke ƙara ko rage saurin juyi. Tawa takan saki da kanta, nakan duba ta kowace safiya. Duk waɗannan gyare-gyare ne na yini guda. Aibin da ba ya gyaruwa shi ne muƙamuƙi mai ɗagawa sama in an matse, kuma zan dawo kansa a wurin gwajin saye.

Yanzu ga inda mutane suke asarar kuɗin mutane. Ƙwallon yana zuwa da akwatin turaku iri-iri, masu tsini, masu kwana, masu rigar roba. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya kafa huɗu, ya sa kuɗin a tsakaninsu, ya murɗa makulli. Ga ido ya riƙu. Amma kuɗin a wuri huɗu kawai aka taɓa shi, ƙarƙashinsa kuma iska ce. Turakun ƙarfe suna nutsewa a bakin azurfa tun kafin ka ji makullin ya yi tauri. Sule da fataka suna da 'yan haƙora a baki, su ne ke fara lotsewa. Dalar Mariya Tareza ta fi ban tausayi, domin a kewayen bakinta akwai rubutu da ado masu tudu, kuma masu saye suna duba wannan bakin don su rarrabe ta gaske da jabu. Ka latse shi, ka rage mata daraja ko da zanenka ya kai kowane irin kyau. Masu rigar roba ba sa tabo, sai dai robar tana ba da kai, kuɗin ya riƙa numfashi a ƙarƙashin kurfi, layin ya fito da kakkarwa. In ka ƙara matsewa don ka hana wannan, siririn kuɗi irin sisi yana iya bankarewa a tsakiya, ko ya yi tsalle ya fice, kurfin ya wuce zuwa hannun hagu. Turakun suna da amfani ga faranti da kan bel da wuƙa. A kan sulalla na daina kafa su.

Saboda haka na sayi zobban tagulla. Kowane ɗaya guntun tagulla ne da aka fere masa gurbi daidai girman kuɗi, aka tsaga shi biyu ko aka yi masa tsaga a gefe ɗaya, yadda in bayis ya matse shi sai ya rungume kuɗin ta ko'ina. Tunanin mai kyau ne: matsi ya rarrabu a duk kewayen, ƙasan kuɗin yana zaune a kan ƙarfe, sawa da cirewa kuma ba sa cin lokaci. In kuɗin ya dace da gurbin, ban ga abin da ya fi shi ba. Kana iya cire aikin ka duba shi a hasken rana ka mayar, ya koma tsakiya cif.

Matsalar ita ce don Amurkawa aka yi su. A can akwai tsohuwar sana'ar sassaƙa fuska a kan kuɗinsu na senti biyar mai hoton ɓauna, wanda aka buga daga 1913 zuwa 1938, har suna da ƙungiyar masu tara irinsu. Don haka gurabun da ake sayarwa girman kuɗin Amurka ne: milimita 21.2 na senti biyar, 24.3 na kwata (senti ashirin da biyar), 30.6 na rabin dala, 38.1 na tsohuwar dalarsu ta azurfa. Mai talla ba zai gaya maka wannan da babbar murya ba, zai ce maka na riƙe tsabar kuɗi ne kawai. Sai ka zo da namu. Dalar Mariya Tareza ta fi gurbin dalar Amurka faɗi, ba ta shiga sam, kuma ita ce kuɗin da na fi samun riba a kansa. Sulen Afirka ta Yamma milimita 23.6 ne, yana iyo a gurbin kwata, sai na naɗa masa siririyar takarda a baki kafin ya kamu. Kwabo mai huji ne kaɗai ya zauna lafiya a gurbin rabin dala. Taro mai kusurwa kuwa ba a ma maganarsa. Cikin jerin da na biya kuɗinsa, ɗaya nake amfani da shi kullum, ɗaya da dabara, sauran suna cikin gwangwani.

Akwai wani abu kuma da sai mai aiki zai lura da shi. Leɓen gurbin a wasu zobban ya fi kuɗin tsawo, musamman in tsohon kuɗi ne da ya sha hannu ya siranta, ko wanda ka riga ka goge masa fuska ɗaya. In leɓen ya ɗara fuskar kuɗin, cikin kurfi yana gogar tagulla kafin bakinsa ya kai kusa da gefe, ba za ka iya yin layin kewaye ba. Maganinsa a sa 'yar takarda mai kauri a ƙasan gurbin ta ɗago kuɗin, ko a rage leɓen da magagari har ya koma rabin kaurin kuɗin. Takardar tana da wani amfanin: tana hana tagulla goge tudun hoton da ke ƙasa. Wanda yake da sani da mai injin fere ƙarfe, irin waɗanda ke yi wa masu gyaran mota aiki, ya auna kuɗinsa ya kai masa guntun tagulla ko sanholo a fere masa daidai. Hakan na yi wa dala, kuma kuɗin aikin bai kai kuɗin jigilar na waje ba.

Kafin duk waɗannan, da danƙo muke aiki. Yadda maigidana ya koya mini, Allah ya jiƙansa, ana narka kwalta a zuba garin jan bulo da ɗan kitse, a shafa a kan guntun icen kirya, a ɗumama kuɗin a danna shi ciki har danƙon ya hau bakinsa kaɗan. Ba na raina wannan hanya, kuma har gobe in aikin na madoshi ne, inda ake dukan azurfa don a tayar da tudu, ita nake komawa. Danƙo yana tallafe kuɗin ta ko'ina, ba ya barin tabo, ba ruwansa da girma ko kusurwa. Sai dai yana bin yanayi. Da sanyin hunturu yakan bushe ya yi gautsi, duka ɗaya kuɗin ya ɓalle. Da bazara ya yi laushi, kuɗin ya riƙa nutsewa yana karkata. Ga wari, ga baƙin da ke shiga ramukan rubutu sai an jiƙa a kananzir an bi da buroshi. Amarya ba ta son abin wuyanta yana warin kwalta, ko kaɗan ne.

Robar ruwan zafi ita ce ta karɓi wannan aikin a wurina. Tana zuwa ne ƙwayoyi farare a leda. In ka zuba su a ruwan da zafinsa ya haura digiri 60, sai su koma garai-garai su manne da juna, ka tsamo da cokali ka mulmula da hannu. In ta huce ta koma fara, ta yi tauri sosai, guduma ba ta fasa ta. Ana sake narka ta a yi ta amfani da ita. GRS ma suna sayar da tasu mai launin toka da suke kira Thermo-Loc. Tawa dai ta leda ce marar suna, kuma ta yi mini abin da nake so.

Ga yadda nake yi. Ina da guntayen icen kirya masu kusurwa huɗu, kowanne na huda masa ramuka uku a sama, don robar ta shiga ta kama icen. Nakan shimfiɗa robar da kauri kamar na kuɗin sau biyu, in shafa wa bayan kuɗin ɗan man keke, in danna shi da gindin kofi don ya zauna a miƙe, sannan in turo robar da yatsa ta hau bakinsa ta ko'ina, ba tare da ta rufe fuskar ba. Sai in tsoma duka a ruwan randa. Icen nake matsewa a bayis, ƙarfe ba ya taɓa kuɗin ko ta ina. Taro mai kusurwa, dala mai rubutu a baki, kuɗin da wata kaka ta riga ta sa aka yi masa kunne, duk zama ɗaya suke yi. In na gama, ruwan zafi kaɗan, kuɗin ya fito tsaf babu abin wankewa. Man da na ce a shafa yana da muhimmanci, domin in robar ta yi zafi da yawa takan manne a cikin ƙananan rubutu. Kuma kada a narka ta a kwanon roba, tana kama shi.

Wurin da ake bukatar natsuwa shi ne tsakiya. Dole cibiyar kuɗin ta hau kan cibiyar juyin ƙwallon. In ta kauce, to duk juyi kuɗin zai riƙa zagaye yana guje wa kurfi, kai kuma kana bin sa da hannu da ido, wanda ke aiki da gilashin ƙara girma ya fi kowa sanin wannan wahala. Tun robar tana da ɗumi nake ɗora icen a bayis, in riƙe tsinke a saitin bakin kuɗin, in juya ƙwallon. Inda bakin ya matso ko ya ja baya, sai in tura kuɗin kaɗan har tsinken ya bi kewayen daidai. Haka kuma icen kada ya yi tsawo. In kuɗin ya yi nisa da saman ƙwallon, karkatawa kaɗan sai ta kai shi nesa, kuma dukan guduma ya fi girgiza shi.

Rauninta zafi ne. Iskar bazara, ko ta haura digiri 40, ba ta narka ta. Amma ƙarfen da aka bari a rana yana wuce haka da nisa, kuma shagon maƙeri akwai wuta a ciki. In teburinka yana kusa da murhu, ko rana tana faɗowa kansa ta taga da azahar, za ka ji kuɗin ya fara motsi. Haka in ka sa injin gogewa a kan kuɗin yana cikinta: azurfa tana ɗaukar zafi nan take, ta narka robar da ke bakinta. Don haka goge fuska da samfefa da sanya ƙyalli, a wani wuri nake yin su, kafin da bayan zane. A watannin Afrilu da Mayu nakan ajiye kofin ruwan sanyi kusa, ina ɗiga wa aikin lokaci-lokaci, ko in koma zoben da aka fere mini.

Wasu suna amfani da gam ɗin bindiga, wanda masu kayan ado suke liƙa fure da shi. Yana riƙewa, kuma ɗigon sifirit yana sakin sa nan da nan. Ga aikin turawa da hannu ya wadatar, ga guduma yana da taushi. Kwabo mai huji kuma yana da tasa hanyar: kusa mai zare ta ratsa hujin ta shiga ice, da 'yar fata a ƙarƙashin kanta. Yana kamuwa ƙam, sai dai kan kusar yana tare kurfi in layi ya nufo tsakiya.

Akwai maganar da ba ta kayan aiki ba ce, amma duk mai wannan sana'a ya kamata ya riƙe ta. Kuɗin da ake kashewa yanzu ba abin zane ba ne. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta ɓata takardar naira ko tsabarta, ya ambaci zane da hudawa, hukuncin kuma ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Naira ɗaya da naira biyu da kwabo hamsin na ƙarfe da aka fitar a 2007, ko da mai shago ya ƙi karɓa, kuɗin banki ne. In an kawo mini su nakan mayar. Kuɗin fam da sule da aka bari tun zuwan naira a 1973 su ne fagenmu. Su ma ba duka nake gogewa ba. Sule da fatakan da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920 azurfa ne, kafin a koma haɗin tagulla, kuma in ɗaya ya zo da rubutunsa raɗau bai sha hannu ba, nakan ce wa mai shi: Hajiya, wannan a ajiye wa jikoki yadda yake, kawo wanda ya goge. Dala ba ta da wannan damuwar sosai, an buga ta da ɗimbin yawa, ba a Biyana kaɗai ba, har a Landan da Paris da Rum da Bombay. Ayar Alƙur'ani kuma ba na zana ta a abin wuya, tunda za a shiga da shi ko'ina.

Ga yaron da ya fara koyo, kuɗinsa kaɗan ne, ba na ce masa ya jira ƙwallo. Ya sami ledar roba da guntun kirya da gammon fata mai yashi, ya ɗora icen a kan gammon yana juyawa da hannu. Zai koyi riƙon kurfi da juya aiki, kuma hannunsa na hagu ya saba zama ƙasa da saitin kaifi tun da wuri. In ya fara samun aikin kuɗi, ya tara ya sayi babban ƙwallo kai tsaye, kada ya ɓata kuɗi a kan ƙarami da niyyar canzawa daga baya. Zobban waje kuma ya bar su sai ya auna kuɗin da ke zuwa hannunsa ya ga lambar ta yi daidai da ta talla.

In za ka sayi ƙwallon, fara tambayar nauyinsa a kilo, domin a hoto ƙarami da babba kamarsu ɗaya, kuma kuɗin jigila da na kwastan a kan nauyin ake yanka su, ka haɗa lissafin tun kafin ka biya. In yana gabanka, juya saman da yatsa ɗaya: ya tafi sumul babu cijewa, babu ƙara. Kama saman ka girgiza shi gefe da gefe, kada ka ji wasa tsakanin rabin sama da na ƙasa. Rufe muƙamuƙan gaba ɗaya ka ɗaga shi saitin haske, ka ga ko sun haɗu ba rata. Sannan ka sa guntun ƙarfe a can saman bakinsu ka matse sosai, ka ɗora farce a kan muƙamuƙi ɗaya. In ka ji ya ɗago sama yayin da makullin ke tauri, hanyar da yake gudu a kai ta yi masa yawa, duk abin da ka matse zai riƙa karkata, kuma magagari ba ya gyara wannan. Ajiye shi ka ce a fito maka da wani.